Yadda za ku sa kamfani ya ɗauki nauyin koya wa matasan shiyarku sana'a

Tun da ƙungiyarmu ta yaye kashi na biyu na yaran da muke koya wa sana'a, mutane ke tare ni, wani a masallaci wani a wajen ɗaurin aure wani kuma ta WhatsApp da tsakar dare, tambayar dai guda ce, wai ta yaya kunka samu kamfani ya ba ku kuɗɗi? To na ga gara in rubuta sau ɗaya kowa ya karanta, musamman 'yan ƙungiyoyin shiya-shiya na nan Sakkwato da ke da niyya amma ba su san ta inda za su kama ba. Abin da na gani da idona zan faɗa, har da inda munka yi kuskure, don kada wani ya sake faɗawa ramin da munka faɗa.

Kada ku fara da rubuta wasiƙa, ku fara da yawo. Ku ɗauki littafi da biro ku shiga Buzaye wajen bakanikai, ku je wajen masu walda, masu haɗa sola, masu aikin famfo da sa tayil, masu gyaran waya da firij da injin ban ruwa, ku leƙa shiyar Madunka wajen dukawa, ku yi wa kowane maigida tambaya biyu kacal. Ta farko, aiki yana fin ƙarfinka har ka rasa hannu? Ta biyu, in an kawo maka yaro ya koya ya iya, za ka riƙe shi ka riƙa ba shi wani abu? Amsar wagga tambaya ta biyu ita ce jarin da za ku shiga ofishin kamfani da shi. Mu sati uku munka yi muna wanga yawo, kuma abin da munka gano ya sauya mana tunani gaba ɗaya, don mun fita da niyyar ɗinki da kwamfuta kamar kowa, sai munka tarar teloli sun yi yawa har wasu sai da sallah suke ganin aiki, amma masu sola da masu gyaran injin ban ruwa kuka suke da rashin yara masu hankali. Dalilin ba ɓoye yake ba. Garin da zafi ke wuce digiri 40 a watannin Maris zuwa Mayu, wuta ba ta tsayawa, fetur kuma ya yi tashin gwauron zabi tun da anka cire tallafi a watan Mayun 2023, kowa sola yake nema, daga mai shagon ruwan sanyi har manomin albasa na Goronyo da Wurno da Kware da ya gaji da sayen mai don ban ruwa.

Sai zaɓen yara, kuma nan ne zumunci ke ɓata aiki. Da an ji ƙamshin tallafi kowa zai tuna yana da ɗan ƙane, har wanda ubansa ke da mota biyu. Ku zauna da mai unguwa da liman da wata dattijuwa guda da ta san cikin gidaje, don mata sun fi mu sanin gidan da ba a ɗora tukunya, ku rubuta sharuɗɗa tun kafin a ambaci sunan kowa. Maraya, almajirin da ya sauke ko ya girma ba shi da abin yi, yaron da ya bar makaranta, bazawara mai ƙananan ɗiya, mai lalurar ƙafa ko ta ji, da ɗiyan 'yan gudun hijirar da rashin tsaro ya koro daga wajajen Sabon Birni da Isa da Rabah suna raɓe a kangaye. In an gama sai a bi gida-gida a gani. Kuma a tambayi yaron shi kansa mi yake so, ban da abin da kawunsa ke so mashi. Yaron da anka tura walda alhali ransa na kan gyaran waya, wata guda ba zai yi ba.

Wani abu kan shekaru. Dokar ƙwadago ta Najeriya ta ce yaron da ya wuce 12 bai kai 16 ba, uba ko mai riƙonsa ne zai sa shi koyon sana'a, da yardar yaron, a rubuce, kuma kada wa'adin ya wuce shekara 5. Wanda ya kai 16 yana iya shiga yarjejeniyar da kansa. Ni shawarata ku tsaya kan 16 zuwa sama in dai kuɗɗin kamfani ne, su ma hankalinsu ya fi kwanciya, ƙanana kuma a nema masu hanyar komawa aji.

Yanzu wa za ku nema? Mutane da an ce kamfani sai hankalinsu ya tafi Legas, alhali ga su nan kusa. Akwai kamfanin siminti na Kalambaina a ƙaramar hukumar Wamakko, wanda ke nan tun shekarun 1960 yanzu kuma yake ƙarƙashin BUA, kuma kewaye da shi akwai 'yan kwangila da masu manyan motoci da dillalai da masu buga bulo, duk masu buƙatar direba da bakanike da mai walda ne. Akwai rassan bankuna, kamfanonin waya, masu casar shinkafa, masu takin zamani, gidajen mai, manyan dilolin kayan sola da na gini, otal-otal, asibitoci da makarantu masu zaman kansu. Manyan suna da gidauniya ta musamman, misali gidauniyar MTN da anka kafa a 2004 wadda kamfanin ke ware mata har kashi 1 cikin 100 na ribarsa bayan haraji, ko ASR Africa ta Abdul Samad Rabiu da ta fara a 2021. Amma irin waɗannan suna da tsarinsu da lokacinsu, kuma shawara daga hedikwata take fitowa, manajan reshe na nan iyakarsa ya tura takardarku sama ya sa baki. Don haka in kuna farawa ne ku fara da matsakaici, Alhajin da shi ke da kamfaninsa shi ke da sa hannu, wanda in ya ce eh yau gobe an fara. In kun yi kashi ɗaya da shi kun samu abin nunawa, sannan ku tunkari manya.

Kafin ku je ku gyara gidanku. Ba kamfanin da zai tura kuɗɗi akawun ɗin mutum ɗaya, in ma ya yarda ku kada ku yarda, don ranar da anka fara zargi ba ku da bakin magana. Ku yi rajista, in da hali ta amintattu a CAC, hukumar tarayya mai rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi, tana ɗaukar lokaci don sai an buga sanarwa a jarida an jira kwana 28 ko akwai mai ƙorafi, in ba hali ku fara da ta jiha ko ƙaramar hukuma kuna bin waccan a hankali. Akawun da sunan ƙungiya, mutum biyu ko uku ke sa hannu, ma'aji daban shugaba daban.

Takardar neman tallafi kada ta wuce shafi biyu, na uku kasafi. Na ga masu rubuta shafi ashirin suna farawa da tarihin talauci a Afirka, wallahi ba mai karantawa. Ku faɗi yara nawa, daga wace shiya, wace sana'a, wajen wane maigida, wata nawa, nawa kowane yaro zai ci daga farko har ƙarshe, sannan masu gida nawa sunka yi alkawarin riƙe su in sun gama. Ku lika wasiƙar mai unguwa ko uban ƙasa, da takardun da masu gidan sunka sa wa hannu. Ku rubuta da Turanci don fayil, amma ku shirya bayaninku da Hausa don zama.

Ranar da munka shiga wajen manajan da ya fara taimakonmu ba zan manta ba. Ofis ne mai sanyi, ga fayil-fayil tsibi guda a gefen tebur duk na neman taimako, na gyaran masallaci, na ƙwallo, na bikin yaye ɗalibai. Ya ɗaga tamu ya duba sama-sama ya ce, Malam kowa haka yake cewa, mi ya bambanta ku? Sai na ce, ranka shi daɗe kayan sola kuke saidawa, kuma kun sani rabin batirin da ake maido maku da ƙorafi ba laifin batirin ba ne, mai haɗawa ne bai iya ba, ya sa siririyar waya ko ya ɗora wa inbata kayan da sunka fi ƙarfinta. Ku ɗauki nauyin yara goma sha biyu mu koya masu a kan kayanku, in sun fita kayanku za su riƙa saye suna haɗa wa mutane daidai. Ya ajiye biro ya gyara zama. Daga nan hirar ta koma ta ciniki, kuma hakan nake so ku riƙe, kada ku shiga da murya ta bara kuna a taimaka don Allah kawai. Lada tana nan kuma Musulmi ya san da ita, amma mutumin nan akwai wanda zai tambaye shi ina kuɗɗin sunka tafi, ku ba shi amsar da zai bayar. Banki yana son sabbin akawun, mai siminti yana son magina da masu bulo da sunka san awo, mai casar shinkafa yana son wanda zai gyara mashi inji ba sai an ɗauko wani daga Kano ba.

Kuma ba dole sai tsabar kuɗɗi ba. Wani ba zai ba ku naira ɗaya ba amma zai ba ku injiniyansa duk Asabar, ko tsoffin kwamfutoci, ko ɗaki, ko ya karɓi yara huɗu su yi wata uku cikin ma'aikatarsa. Wannan na ƙarshen ma a wajena ya fi kuɗɗi, don yaron da ya saba zuwa aiki ƙarfe takwas, ya saba a yi mashi faɗa ya haɗiye, ya ga yadda ake rubuta rasit, ya samu abin da aji ba ya bayarwa.

Kasafi shi ne inda nake so in daɗe, don nan munka sha kashi. Karo na farko mun lissafa kuɗɗin maigida, kayan koyo, kayan sallama wato kayan aikin da ake ba yaro in ya gama, har da rumfa da kujerun ranar biki, amma ba mu sa kuɗɗin mota da na abinci ba. Sati na uku yara sunka fara raguwa. Akwai wani maraya da nake ji da shi don hannunsa na da kyau, maigidansa ma ya yaba shi, kwana huɗu ba a gan shi ba, sai na bi shi gida can bayan Mabera. Na tarar ba ya nan, mahaifiyarsa na zaune tana tsinkar zogale a faranti, ta ce ya tafi kasuwar Kara dako. Na jira har la'asar sai ga shi ya shigo, riga duk ƙura, da ɗan ƙullin gari a leda. Ya durƙusa ya gaishe ni bai yarda mun haɗa ido ba. Na ce mi ya faru? Ya ce, Kawu in na tafi shago da ƙafa nake zuwa da ƙafa nake dawowa, kuma ranar ba a ci komai gidan nan, in na tafi dako ko ba yawa ana ɗora tukunya. Ban samu abin ce mashi ba, don gaskiya ya faɗa. Yaron da muke kira mara galihu yawanci shi ke ciyar da wani, duk ranar da ya ba ku ranar cin gidansu ce ya ba ku. Saboda haka kuɗɗin kabu-kabu da na abincin rana da ɗan abin da zai kai gida su ne layin farko a kasafi, kafin ma kuɗɗin maigida. Ku biya duk sati, ranar Alhamis, bisa ga rajistar zuwa, kada ku tara sai ƙarshen wata. In kamfani ya ce kuɗɗin sun yi yawa ku rage yawan yara, kada ku taɓa wanga layi. Goma da za su gama sun fi hamsin da za a ɗauki hoto da su.

Farashi kuwa ku shiga kasuwa da ƙafarku ku tambayo a satin da za ku miƙa takarda, ku rubuta kwanan wata a jiki, ku ƙara wani abu don tashin kaya, don tsakanin miƙa takarda da fitowar kuɗɗi wata uku ko shida ba abin mamaki ba ne. Ku sa takalmin aiki da safar hannu da gilashin walda, ku sa ɗan kuɗɗin magani, yaro zai ƙone ko ya yanke, dole ne.

Ga mata kuma akwai ƙarin abu. Ku fara da uba ko miji, ku kai shi ya ga wajen da idonsa, ku nemi mace mai koyarwa in da hali, lokaci ya zama daga hantsi zuwa azahar, kuma a yarda ta zo da goyo. Kada ku tsaya kan sabulu da man shafawa na kwana uku da kowa ke yi, mata na iya gyaran waya, suna iya aikin fata na zamani irin jaka da takalmi, ga fatar jar akuyarmu da duniya ta san da ita, suna iya riƙe lissafin shago da POS.

Maigida ma a yi yarjejeniya da shi a rubuce gaban shaidu. A rubuta abin da yaro zai iya a ƙarshen kowane wata, misali wata na farko sanin kayan aiki da awo, na biyu yanka da ɗinkin ƙarfe, haka dai. In ba haka ba yaro zai shekara yana sayo wa oga abinci da wanke mashi mashin. Kuɗɗinsa a raba uku, farko da tsakiya da bayan an gwada yaran. Kuma wani daga cikinku ya riƙa leƙawa ba tare da sanarwa ba. Tsawon lokaci ya danganta da sana'a amma ni ban yarda da abin da bai kai wata shida ba ga aikin hannu, horon sati biyu sunansa taro.

Rana ɗaya a sati ku tara su duka don abin da shago ba ya koyarwa. Karatu da lissafi ga wanda bai yi boko ba, almajirai ma suna saurin kamawa don sun saba da hadda. Yadda ake yi wa mai aiki magana, yadda ake fitar da kuɗɗin kaya daban kuɗɗin hannu daban, cika alkawari, kada a ce gobe alhali an san sai jibi. A buɗe wa kowa akawun, wanda ba shi da NIN a raka shi ya yi. Nan ne ma'aikacin banki ko akawun kamfanin zai yi maku amfani kyauta.

Takardar shaida kada ta zama wadda kunka buga a shagon kwamfuta kawai. Ku je ofishin ma'aikatar ƙwadago ta tarayya ku tambayi yadda ake gwajin sana'a da ake kira trade test, mai mataki uku, ana farawa daga na uku a hau zuwa na ɗaya, shi ne ma'aikatu sunka sani. Akwai kuma jarrabawar NABTEB, hukumar jarrabawar fasaha da kasuwanci, ga wanda ke son ci gaba da karatu. Ku leƙa ITF, hukumar asusun horar da ma'aikata, wadda ke nan tun 1971 kuma kamfanonin da doka ta hau kansu ke biyanta kashi 1 cikin 100 na albashin ma'aikatansu duk shekara don harkar horo, da NDE mai kula da samar da aikin yi, da SMEDAN mai kula da ƙanana da matsakaitan sana'o'i, ku gabatar da kanku, wani lokaci suna da shiri da yaranku za su shiga ko malamin da za su ba ku aro. Sashen injiniya na kwalejin kimiyya da fasaha ta Umaru Ali Shinkafi ma wuri ne da ya kamata ku nemi wanda zai gwada maku yaran tsakani da Allah.

Sai kayan sallama, inda munka yi kuskure na biyu. Wani kamfani, ba zan kama suna ba, ya matsa lallai a yi babban biki a raba kaya gaban kyamara, munka yarda. An yi rumfa, an yi jawabi, an raba. Kafin sati biyu na ga uku daga cikin kayan nan a kasuwa da tambarin kamfanin a jiki ko gogewa ba a yi ba. Na ji zafi ƙwarai amma da na bincika ban iya zagin kowa ba, ɗaya an sayar an biya kuɗɗin asibitin uwarsa, ɗaya yayansa ne ya karɓe, ɗaya kuma ba shi da shago ba shi da wuta, ina zai kai injin? Tun daga nan munka sauya. Biki a yi, kamfani na da haƙƙin a ga abin da ya yi, a ba da satifiket a ɗauki hoto da yardar yaran, amma ba tare da an sa maraya ya tsaya yana ba da labarin talaucin gidansu a lasifika ba, wannan ban yarda da shi ba ko nawa za a bayar. Kaya kuwa su zauna da sunan ƙungiya, a ajiye su shagon maigida ko a haɗa yara uku-uku a kama masu rumfa, wanda ya yi wata shida yana aiki da su sai a mallaka mashi gaban mai unguwa da waliyyinsa. Wanda ya nuna kan kasuwanci kuma yana da ɗan karatu ku taimaka mashi ya cika fom ɗin gidauniyar Tony Elumelu, da ke buɗewa ranar 1 ga Janairu ta intanet tana ba da jarin dala 5,000 ga waɗanda anka zaɓa, gasar da zafi amma cikawa kyauta ce.

Rahoto kuma kada ku jira a tambaya. Duk wata shafi ɗaya, yara nawa sunka zo, nawa sunka daina da dalili, nawa anka kashe, ga hoton rasit. Ku faɗi wanda ya gudu, kada ku ɓoye, manajan nan ya san ba a tara yara ashirin duka su gama, in kun ce duka sun gama ƙarya zai ɗauka. In kuɗɗi sun yi saura ku faɗa ku nemi izinin abin da za a yi da su. Bayan yaye ku riƙe lambar kowane yaro da ta wani nasa, ku kira a wata na uku da na shida da na goma sha biyu, tambaya ukku, kana aiki, a ina, nawa kake samu a sati? Ku rubuta a littafi guda mai bango mai ƙarfi. Littafin nan shi munka ɗauka munka koma wajen manajan sola da shi, ya bi sunayen da yatsa ɗaya bayan ɗaya, ya tsaya kan na maraya na bayan Mabera ya ce wanga ai shi ya haɗa wa ƙanwata sola watan jiya. Sannan ya tambaya kashi na gaba yara nawa muke so, munka ce goma sha biyar, ya ce mu kawo kasafi ranar Litinin.